Ganyen inabi na kwalba: abin da yake ba jiki, da gishirin da yake zuwa da shi

A manyan kantunan Victoria Island da Ikoyi da Lekki, da shagunan Kwarori na Apapa, akwai wata kwalba da ake jerawa kusa da zaitun, cike da ganye a nannaɗe cikin ruwan gishiri. Ganyen inabi ne, wanda Larabawa ke naɗe shinkafa da nama a cikinsa su kira shi warak inab, Turkawa kuma su ce sarma ko dolma. 'Yan Labanan suna Legas tun ƙarshen ƙarni na 19, don haka kayan girkinsu ba baƙi ba ne a garin nan. Abin da ya sauya shi ne yanzu matanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende ma suna nemansa, musamman waɗanda suka ɗanɗana shi a Makka ko Madina ko Alƙahira, da masu yin abincin biki da na buɗa-baki na sayarwa. Tare da shi kuma sai ga saƙonni suna yawo a WhatsApp, wai yana wanke hanta, yana rage ƙiba, yana saukar da hawan jini. Maganar hawan jinin nan ita ta fi damuna, domin akasinta ne ya fi kusa da gaskiya.

Ɗanyen ganyen inabi, wanda aka tsinko daga jikin itacensa, ganye ne mai albarka. A ma'aunin da ma'aikatar noma ta Amurka ta fitar, giram 100 nasa yana da kalori 93, furotin giram 5.6, da fayiba giram 11, wato zaren ganye da ciki ba ya narkarwa amma hanji ke buƙata. Kalsiyam ɗinsa miligiram 363, fotasiyam 272, magniziyam 95, sinadarin ƙarfe 2.6. Bitamin A kuwa maikirogiram 1,376, ya zarce abin da babban mutum ke buƙata a yini. Sodiyam ɗin cikinsa, wato sinadarin da ke cikin gishiri, miligiram 9 ne kacal, kusan babu. Mafi yawan yabon da ake yi wa ganyen inabi a intanet daga waɗannan lambobi aka ɗauko shi, amma ba wannan ganyen muke saye a Legas ba.

Wanda ya kwanta watanni a ruwan gishiri, lissafinsa daban ne. A wannan ma'aunin dai, giram 100 na ganyen kwalba yana da kalori 69, furotin giram 4.3, fayiba giram 9.9, kalsiyam miligiram 289, ƙarfe kusan 3, bitamin K maikirogiram 97. Waɗannan sun tsaya da ƙafarsu. Fotasiyam kuwa ya faɗo daga 272 zuwa 29, magniziyam daga 95 zuwa 14, bitamin A daga 1,376 zuwa 263. Sodiyam shi ne ya yi tashin gwauron zabi, daga 9 zuwa 2,853. Dalilin faɗuwar fotasiyam da magniziyam da hawan sodiyam a fili yake. Ana tsoma ganyen a tafasasshen ruwa kafin a adana shi, zafin ya raunana bangon ƙwayoyinsa, sai duk abin da ke narkewa a ruwa ya riƙa fita zuwa cikin ruwan kwalbar, gishiri kuma ya shiga ya maye gurbinsa. Fayiba ba ta narkewa, kalsiyam a ɗaure yake a jikin ganyen, bitamin K kuma mai yake bi ba ruwa ba, shi ya sa suka tsira. Ku lura da abin da wannan musaya ke nufi ga mai hawan jini: fotasiyam, wanda ke taimaka wa jiki ya rage illar gishiri, shi ne ya tafi, sodiyam da ke ɗaga jinin shi ne ya zo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai miligiram 2,000 na sodiyam a yini, wato ƙasa da giram 5 na gishiri, bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba. Ganyen kwalba ɗaya nauyinsa kamar giram 4 ne, yana ɗauke da sodiyam kimanin miligiram 114. Ganye 10 sun haura 1,100. Ganye 18 sun cinye kason yini gaba ɗaya, tun ba a zo kan miyar rana da tuwon dare ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban farantin warak inab ya san guda 10 ba wani abu ba ne, loma ɗaya ake yi wa kowanne.

Mu juya lissafin ta ɗaya ɓangaren, domin nan ne ake ruɗar mutane. Ba wanda ke cin giram 100 na ganyen nan a zama ɗaya sai ya ci guda 25. Mai cin guda 10 giram 40 ya ci. Abin da ya samu daga ganyen shi ne fayiba kusan giram 4, kalsiyam kimanin miligiram 115, ƙarfe miligiram 1.2, bitamin A maikirogiram 105, bitamin K 39, furotin bai kai giram 2 ba, kalori 28. Fayibar abin a yaba ce, tunda giram 25 ake so a yini kuma masu rayuwa kan burodi da farar shinkafa da taliya ba sa kaiwa. Bitamin K ɗin ma ba laifi. Sauran kuwa taimako ne kawai. Kalsiyam ɗin bai kai kashi ɗaya cikin takwas na miligiram 1,000 da ake so ba, kuma ba duka jiki zai ɗauka ba, saboda ganyen inabi yana da okzalet da ke riƙe kalsiyam, yana kuma da tanin, sinadarin nan mai bauri da ke cikin ganyen shayi, wanda ke hana ƙarfen tsirrai shiga jini yadda ya kamata. Don haka matar da aka ce mata jininta ya yi ƙasa, ko mai juna biyu, kada ta ɗora begenta a kan wannan kwalba.

Idan gina jiki ake nema, abin da ke zube a Mile 12 da kasuwar Agege ya fi shi nesa ba kusa ba, ga arha. Ɗanyen zogale yana da furotin giram 9.4 a giram 100, ƙarfe miligiram 4, bitamin C sama da miligiram 50, ga fotasiyam sama da 300. Alayyahu yana da fotasiyam sama da 600 da kalsiyam sama da 200. Ugu na nan a kowace kwana. Babu ɗayansu da ke zuwa da gishiri. Ganyen inabi na kwalba abincin marmari ne mai daɗi, mai ɗan tsami na musamman da yake samu daga irin sinadaran tsamin da ke cikin 'ya'yan inabin kansu, kuma a matsayin marmari ya cancanci a saye shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar wa mutane shi da sunan magani.

Asalin zancen maganin ma ana iya gano shi. A Turai akwai ƙwayar magani da ake yi daga jan ganyen inabi, wanda ake tatso sinadaransa a tattara su, ana ba masu nauyin ƙafa da kumburi saboda raunin jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya. Wannan abu ne da aka auna a masana'anta, daga wani nau'in ganye daban. Koren ganye da ya sha gishiri ba shi ba ne, kuma mai kumburin ƙafa da ya ƙara cin gishiri ƙara wa kansa kumburi yake yi.

To, yaya za a ci shi ba tare da an cutu ba? Tun daga kanti ake farawa. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa. A danna tsakiyar murfin da yatsa: idan ya lotsa ya dawo, ko ya kumburo sama, iska ta shiga ko wani abu na rayuwa a ciki, a bar ta. A karanta takardar jikin kwalbar, domin gishirin kamfanoni ya bambanta ƙwarai. Kayan Turai da na Turkiyya galibi gishiri suke rubutawa a giram 100, na Amurka kuwa sodiyam suke rubutawa a kan ɗan ƙaramin adadin da suka ɗauka a matsayin ci ɗaya, sai lambar ta yi kamar ba yawa. Don a daidaita su, a ninka sodiyam sau 2.5, shi ne gishirin. Da haka miligiram 2,853 ya zama giram 7 da ɗoriya na gishiri. A kuma duba jerin abubuwan da aka zuba. Ganye, ruwa, gishiri da sinadarin tsami mai lamba E330 su ne na yau da kullum. Wasu suna ƙara salfayit don launi ya tsaya, lambobinsa daga E220 zuwa E228, kuma yana tayar wa wasu masu asma da ciwonsu. Gidan da ke da mai asma su nemi kwalbar da ba shi.

Sai babban aikin, wato cire gishiri, kuma a nan ne mafi yawan masu girki ke yin gaggawa. Kwalba madaidaiciya takan ɗauki ganye 50 zuwa 60. Ganye 50 da ba a wanke ba suna ɗauke da gishiri kusan giram 14, ya fi ƙaramin cokali biyu. Ɗauraya ɗaya a bakin famfo gishirin saman ganye kawai take tafiya da shi, na cikin naman ganyen yana nan. A zaro ƙunshin a hankali, a kwanta da kwalbar a jawo da yatsu biyu don kada bakin kwalba ya yayyaga su. A warware, a raba su ɗaya bayan ɗaya a cikin babbar roba mai ruwa, domin ganyen da suka manne da juna ruwa ba ya ratsa tsakaninsu. A ɗauraye sau biyu. Sannan a zuba ruwa mai ɗumi, aƙalla lita 3 ga kwalba ɗaya, a bar shi minti 20, a zubar, a sake sabo, a maimaita sau uku. Sauya ruwan ya fi tsawon jiƙon muhimmanci, saboda gishiri yana fita ne daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, da zarar ruwan robar ya yi gishiri daidai da ganyen, fitar ta tsaya ko da an kwana ana jira. Bayan haka a yagi ɗan gefen ganye kusa da tsinkensa, inda ya fi kauri, a tauna. Idan gishiri ne ya fara bugun harshe kafin tsami, a ƙara zagaye ɗaya. Harshe shi ne ma'aunin da ke kowane kicin.

Idan ganyen masu kauri ne da manyan jijiyoyi, a tsoma su a tafasasshen ruwa minti 2 zuwa 3, a tsame a zuba cikin ruwan sanyi. Wannan yana ƙara fitar da gishiri yana kuma tausasa su. Kada a wuce haka, za su yi laushin da ba sa naɗuwa, suna yagewa a hannu. Wani zai ce ai wankin nan yana tafiya da bitamin. Gaskiya ne yana rage ɗan bitamin C da folet, wani nau'in bitamin B, da suka saura, amma waɗanda ake cin ganyen dominsu, fayiba da kalsiyam da bitamin K da A, ba sa bin ruwa. Asarar ƙarama ce idan aka gwada da ribar.

Komai wankin da aka yi, gishiri zai saura, kuma wanda ya saura ya isa ya ɗanɗana tukunyar duka. Saboda haka a haɗin ciki ba a sa gishiri, ba a sa magi. Na san hannun uwargida ya saba, girki ba dunƙule kamar bai cika ba, amma dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, a nan kuma ƙari ne a kan ƙari. Ga ganye 50, a auna shinkafa giram 200, kofi ɗaya ke nan. Shinkafar tuwo ta fi dacewa, domin tana da danƙo tana kama jikinta kamar gajeriyar shinkafar Masar da ake yin abincin da ita a can. Doguwar shinkafa 'yar turare da ta cika kasuwannin Legas warwarewa take yi kuma tana jinkirin nuna a cikin ganye, idan ita kaɗai ake da ita a jiƙa ta minti 30 tukuna. A haɗa da niƙaƙƙen nama giram 250, albasa babba ɗaya da tumatir biyu a yanka ƙanana, lawashi, na'a-na'a, tafarnuwa, masoro, ɗan kirfa, da attaruhu ga mai so. Mai babban cokali 4, na zaitun ko na gyaɗa. Man nan ba don daɗi kaɗai ba ne, bitamin A da K na ganyen sai da mai hanji ke iya ɗaukarsu.

A datse tsinken, a shimfiɗa ganyen gefensa mai sheƙi yana ƙasa, mai jijiyoyi yana kallon sama. A sa haɗin ƙaramin cokali ɗaya kusa da gindin, a naɗo gindin, a shigo da gefe biyu, a mirgina zuwa baki. Ɗanyar shinkafa za ta kumbura ta ninka girmanta, don haka wanda aka cika ko aka matse da yawa fashewa yake yi, wanda aka naɗe sako-sako kuma warwarewa. A shimfiɗa yankan dankalin turawa da yagaggun ganye a ƙasan tukunya don kada ya kama, dankalin kuma yana shanye wani kaso na ruwan gishirin. A jera su a matse, bakin naɗin yana ƙasa. A kifa farantin tangaran a kai ya danne su, a zuba ruwan zafi daidai ya shafe saman. Idan ya tafasa a rage wuta sosai, minti 50 zuwa awa ɗaya. Wuta mai ƙarfi ita ke sa su yi ta birgima har su kwance. Ruwan lemun tsami, kamar babban cokali 4, a bari sai saura minti 15 a zuba. Bitamin C na lemun kuma, musamman wanda aka matsa a kan faranti, yana taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen ganyen. Shayi kuwa akasin haka yake yi, a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abincin.

Ganye yakan yi baƙi saboda abu biyu. Ko dai an dafa a tukunyar baƙin ƙarfe ko mai tsatsa, tanin ya haɗu da ƙarfe, ko an buɗe tukunyar da zafinta iska ta bugi ganyen. A yi amfani da tukunyar silba mara tsatsa ko mai fenti a ciki, ta alminiyum ma ba ta jituwa da abinci mai tsami, kuma a bar shi a rufe minti 30 bayan an sauke.

Yanzu a duba abin da ke cikin tukunyar, domin nauyin abincin ba a ganye yake ba. Shinkafa giram 200 kalori kusan 720 ce, mai cokali 4 kusan 480, nama mai ɗan kitse wajen 600, ganyen duka 50 bai kai 140 ba. An tashi da kimanin kalori 40 a kowane ɗaya, guda 10 sun zama 400. Mai son rage ƙiba ya san da wannan, musamman game da na gwangwani da aka riga aka naɗe, waɗanda ke kwance cikin mai. Mai ciwon suga kuma ya lissafa: guda 10 suna da ɗanyar shinkafa giram 40, sitaci kimanin giram 32. Ana iya rage shinkafar zuwa rabi a cike da nama da albasa da dafaffen wake, fayiba da furotin su ƙaru. Mai hawan jini a gida kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce a naɗe rabin haɗin a ganyen kabeji da aka tausasa a ruwan zafi, a dafa su a tukunya ɗaya. Kabejin zai ɗauki ƙamshi da tsamin ganyen inabi, mutum ya ci na inabi uku ko huɗu, ya cike da na kabeji. A azumi ma a lura, abincin buɗa-baki ne, ba na sahur ba, don ƙishirwar da gishirinsa ke jawowa tana bin mutum har azahar.

Masu ciwon ƙoda da masu raunin zuciya da likita ya ƙayyade musu gishiri, da mai juna biyu da jininta ke hawa, su tambayi likitansu kafin su mayar da shi abincin kullum. Wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda irin ta okzalet ya ci kaɗan ya sha ruwa sosai. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, matsalarsa bitamin K ce, domin tana rage ƙarfin maganin. Ba a hana shi ganye ba, abin da ake so shi ne cinsa ya zama daidai kullum, ba a kwana biyu ba a ci ba sannan rana ɗaya a share faranti. Yara kuma kason gishirinsu bai kai na manya ba, guda biyu ko uku sun ishe su.

Zafin Legas da ɗaukewar wuta suna da nasu hukuncin. Kwalbar da aka buɗe firji take zama, ganyen a nutse cikin ruwansa, domin duk wanda ya leƙo sama shi fumfuna ke fara kamawa. Kada a zubar da ruwan gishirin a sauya da ruwan famfo da niyyar rage gishiri sannan a mayar a ajiye, gishirin da tsamin su ne ke tsare ganyen, da an cire su an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Wanda aka riga aka wanke, ko a dafa a ranar, ko a tsane shi a jera 20-20 a leda a sa a firiza. Idan ruwan kwalba ya yi yauƙi, ko wari ya sauya, ko ganye yana narkewa a yatsa, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba. Dafaffen kuwa abinci ne na shinkafa da nama, kada ya wuce awa 2 a waje, idan zafi ya haura digiri 32 awa 1. Masu kai abinci wurin biki daga Agege zuwa tsibiri su sa cunkoson hanya cikin lissafi, ko dai ya tafi da zafinsa a cikin kula, ko a sanyaya shi sosai a tafi da shi cikin ƙanƙara.

Ga mai hanyar samun ɗanyen ganye, ana noman inabi a ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna, kuma motocin kayan gwari ba sa yankewa tsakanin Arewa da Mile 12. Ɗanyen shi ne ke da fotasiyam da magniziyam da bitamin A ɗinsa cikakku. Sharaɗi ɗaya ne mai girma: inabi shuka ce da ake yawan yi wa feshin maganin fumfuna da na ƙwari, kuma ganye shi ke karɓar feshin kai tsaye. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta tsananta binciken ganyen inabin da ke shigowa daga Turkiyya. Sai an tabbatar daga bakin manomin cewa reshen da za a tsinka bai sha feshi ba. A zaɓi matasan ganye masu faɗin tafin hannu, masu laushi, ba tsofaffin gindi ba. A wanke, a tsoma a tafasasshen ruwa minti 1 har launinsa ya juya daga kore shar zuwa na zaitun, a sanyaya, a tsane, a sa a firiza. Yin ruwan gishiri a gida a toshe kwalba a ajiye a ɗaki ban ba da shawararsa ba, domin idan tsamin bai kai ba, wato ma'aunin pH bai sauka ƙasa da 4.6 ba, ƙwayar cutar botulizim tana iya yin dafinta a inda ba iska, kuma ba lallai ta nuna alama a wari ko launi ba. Da ɗanyen ganye, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri ya ishi tukunyar guda 50, kuma mai girki ita ke auna shi da hannunta.